Kundin Injiniya: Littafin da Ake Dubawa Kafin a Gina Gada, Rijiya ko Aji

Kusan kowane gari a ƙasarmu yana da wani aiki da aka yi masa da siminti da ƙarfe: rijiya, ajin makaranta, ɗakin shan magani, bankin cimaka ko ƴar gadar da ruwa ke bi ƙarƙashinta. Wasu ayyukan sun shekara talatin suna tsaye, wasu kuwa damina biyu ta isa ta tsaga su. Sau da yawa bambancin yana cikin awo: buhu nawa na siminti aka zuba, wane kaurin ƙarfe aka sa, zurfin harsashi nawa ne. Ba da ka ake ƙaga waɗannan awo ba. Suna rubuce cikin wani littafi da masu aikin gine-gine ke ajiyewa kusa da su. Wannan darasi zai bayyana muku littafin, da amfaninsa ga injiniya da ɗalibi, da kuma rabon da ku kanku kuke da shi a ciki tun da kun iya karatu da lissafi.

Minene kundin injiniya?

Injiniyan gine-gine shi ne masanin da ke tsara hanyoyi, gadoji, madatsun ruwa, rijiyoyi, magudanai da manyan gidaje, ya kuma sa ido a kan aikinsu. Iliminsa yana da rassa da yawa, kuma kowane reshe yana da nasa manyan littattafai. Ba mai iya ɗaukar su duka zuwa wurin aiki, ba kuma mai iya riƙe dubban lambobinsu a ka.

Saboda haka masana suka tattara abin da aka fi bukata daga kowane reshe, suka taƙaita shi cikin littafi ɗaya. Shi ne muke kira kundin injiniya. Da Faransanci ana ce masa « mémento » ko « aide-mémoire », wato abin tunatarwa. Ba a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe kamar labari. Ana buɗe shi ne kamar ƙamus: ka nemi abin da kake so, ka duba, ka rufe, ka koma bakin aiki.

Asalin irin wannan littafi

Tun kafin haifuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wani magini na birnin Roma mai suna Bitrubiyus ya rubuta littafi mai kashi goma a kan gini, kayan gini da jawo ruwa. A shekarar 1729 wani Bafaranshe mai suna Belidor ya wallafa littafin ilimin injiniyoyi, kuma a 1747 aka buɗe makarantar gadoji da hanyoyi a birnin Paris. A Jamus, wata ƙungiyar ɗalibai ta birnin Berlin ce ta tattara littafin aljihu na injiniya a 1857, wanda aka sani da sunan ƙungiyar, wato Hütte. A Amurka, Trautwine ya fitar da nasa littafin aljihu na injiniyan gine-gine a 1872.

Ku lura da abu ɗaya: lambobin da ke cikin waɗannan littattafai an same su ne ta hanyar gwaji, da kuma darasin da aka koya daga gine-ginen da suka rushe. Wanda ya buɗe kundin yana cin moriyar wahalar da waɗanda suka gabace shi suka sha.

Abubuwan da ke ciki

Kundi nagari yakan ƙunshi waɗannan babobi.

*Awo da lissafi.* Nan ake samun yadda ake auna tsawo, fili da cikin abu. Ana auna fili da metir murabba'i, wato fili mai metir 1 a tsawo da metir 1 a faɗi. Ana auna cikin abu da metir kib, wato akwati mai metir 1 a tsawo, a faɗi da a tsaye. Metir kib ɗaya yana cin litir 1000 na ruwa, nauyinsu kilo 1000. Akwai kuma jadawalin juya awo: inci ɗaya milimetir 25,4 ne, ƙafa ɗaya kuwa santimetir 30,48. Wannan yana da amfani a Maraɗi, Ƙonni da Magarya, inda kayan gini da magina ke shigowa daga Najeriya suna ambaton inci da ƙafa, alhali zanen aikin da metir aka yi shi.

*Kayan gini.* Babin yana bayanin siminti, rairayi, tsakuwa, katako, bulo da tubalin ƙasa. Yana faɗin yadda ake haɗa kankare, wanda a wurin aiki ake ce wa beto, da nauyinsa: metir kib ɗaya na kankare mai ƙarfe a ciki yana kai kilo 2500.

*Ƙarfe.* Akwai jadawalin da ke nuna kaurin kowane ƙarfen gini da nauyinsa, da irin nauyin da zai iya ɗauka.

*Ƙasa da harsashi.* Jigawa, laka da marmara ba ƙarfinsu ɗaya ba. Baƙar laka ta fadama tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta tsaga bangon da aka ɗora mata. Kundin yana nuna yadda ake gane kowace ƙasa da irin harsashin da ya dace da ita.

*Ruwa.* Yadda ake lissafin ruwan sama, gudun ruwan ƙorama, girman bututu da faɗin bakin gada.

*Hanyoyi.* Kaurin burji, yadda ake daɓe shi hawa-hawa, da gangaren da ake bai wa hanya domin kada ruwa ya kwanta a kanta.

*Ƙididdigar kaya da kuɗi.* Yadda ake fitar da yawan kayan da aiki zai ci daga zanensa, kafin a sa hannu a kwangila.

Amfaninsa ga ɗalibi

A ƙasarmu ana koyon aikin gine-gine a makarantun fasaha, da makarantar EMIG ta Yamai, da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Wasu ƴaƴanmu kuma suna tafiya makarantar 2iE ta Wagadugu, a Burkina Faso. A duk waɗannan wurare darussa rabe suke: malamin ƙasa daban, malamin ruwa daban, malamin kankare daban. Amma ranar da ɗalibi zai tsara gada guda, sai ya haɗa ukun a lokaci ɗaya. Kundin ne ke nuna masa yadda rassan suke haɗuwa.

Na biyu, littattafan fasaha suna da tsada, kuma ba kowane uba ke iya sayen goma ba. Kundi ɗaya nagari zai raka ɗalibi daga shekarar farko har ya kama aiki. Idan kuna da ɗa ko ɗiya a wannan fanni, ku tambayi malamansa wane kundi suka fi amincewa da shi kafin ku saya.

Na uku, kundin yana koya wa ɗalibi sanin girman abu da ido. Wanda ya saba da jadawali, in na'urar lissafi ta ba shi amsar da ta wuce hankali, nan take zai gane an yi kuskure wurin shigar da lamba. Wanda bai saba ba kuwa sai ya kwafe amsar yadda take.

Sai dai kundin ba ya maye gurbin malami. Yana ba da ƙa'ida a taƙaice, ba ya tsayawa bayyana dalilinta. Ɗalibin da ya haddace ƙa'ida bai san dalilinta ba zai yi amfani da ita inda ba ta dace ba.

Amfaninsa ga injiniya a wurin aiki

Yawancin ayyukan raya karkara suna nesa da birni. Injiniya yakan sami kansa a ƙauyen da babu wutar lantarki, intanet kuma ba ta kamawa. Ma'aikata suna tsaye, an riga an jiƙa siminti, sai ga tambaya: ƙarfen da zane ya ce babu shi a kasuwa, wane za a sa, guda nawa? Da kundi a hannu, amsar tana fitowa cikin ƴan mintoci, kuma amsa ce mai hujja.

A yau akwai kwamfuta da ke lissafin manyan gine-gine, kuma kundaye da yawa suna cikin wayar hannu. Duk da haka injiniya mai hankali yana sake gwada amsar kwamfuta da lissafin hannu, domin na'ura tana aiki ne da abin da aka ba ta: in an ba ta kuskure, kuskure za ta mayar.

Kundin yana kuma raba gardama. Idan mai sa ido da ɗan kwangila suka saɓa, kowa yana cewa shi ya fi daɗewa a sana'a, sai a buɗe takardar kwangila da kundi, a bi abin da aka rubuta.

Rabonku a cikin wannan ilimi

Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar 2004, ayyuka da yawa sun koma hannun ƙananan hukumomi da kwamitocin ƙauyuka. Wataƙila ku ma kuna cikin kwamitin rijiya, na makaranta ko na bankin cimaka, kuma za a ce ku sa hannu ranar karɓar aiki. Ba a bukatar ku zama injiniyoyi. Amma ga wasu lambobi da ke cikin kusan kowane kundi, waɗanda za su taimake ku.

*Haɗin kankare.* Buhun siminti kilo 50 ne. Domin ginshiƙi, rufin kankare da duk abin da ke ɗaukar nauyi, abin da aka saba shi ne kilo 350 na siminti a kowane metir kib, wato buhu 7, tare da kimanin litir 400 na rairayi, litir 800 na tsakuwa da litir 175 na ruwa. In an raba, buhu ɗaya yana tafiya da baro ɗaya na rairayi, baro biyu na tsakuwa da jarka ɗaya ta ruwa mai litir 25, idan baron mai cin litir 60 ne. In rairayin jiƙaƙƙe ne sai a rage ruwa. Ma'aikata suna son ƙara ruwa domin kwaɓin ya yi sauƙin zubawa, amma yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare.

*Lissafin buhuna.* A ce za a yi daɓen aji mai metir 9 a tsawo, metir 7 a faɗi, kaurinsa santimetir 10. Tara sau bakwai 63 ne. Kashi ɗaya cikin goma na 63 shi ne 6,3, wato metir kib 6,3. Idan kwangila ta ce kilo 300 a metir kib, wato buhu 6, aikin zai ci buhu 38. In kun ƙirga buhunan da aka buɗe kuka sami 25, kuna da dalilin yin tambaya.

*Kaurin ƙarfe.* Ana kiran ƙarfen gini da kaurinsa a milimetir: lamba 6, 8, 10, 12. A ido, lamba 10 da lamba 12 kusan ɗaya suke, amma wanda ya sa lamba 10 a gurbin lamba 12 ya rage kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfen. Sanda mai tsawon metir 12 ta lamba 12 tana da nauyin kilo 10,7, ta lamba 10 kuwa kilo 7,4. Sikelin da kuke auna hatsi da shi ya isa ya nuna muku gaskiya. Ku lura kuma kada ƙarfe ya taɓa katakon da ake zuba kankare a ciki: ana son kankare mai kaurin santimetir 2,5 zuwa 3 ya lulluɓe shi, in ba haka ba zai yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren.

*Shayar da kankare.* Ba bushewa ke sa kankare ya yi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce. Ana auna ƙarfinsa a kwana 28, kuma a kwana 7 bai wuce kimanin kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfi ba. Saboda haka ake yayyafa masa ruwa safe da maraice aƙalla kwana 7, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko tabarmi. A zafin bazara da iskar hunturu wannan ya zama tilas. Aiki ne da mutanen gari za su iya ɗauka da kansu.

*Yawan bulo.* Bulo mai santimetir 40 a tsawo da 20 a tsaye, kusan 12 ke cika metir murabba'i ɗaya. Bango mai metir 9 a tsawo da metir 3 a tsaye yana da metir murabba'i 27, zai ci kimanin bulo 324, a cire gurbin ƙofa da taga, a ƙara kaɗan saboda masu fashewa.

*Daidaita kusurwa.* Ku auna metir 3 a gefe ɗaya na harsashi daga kusurwa, metir 4 a ɗaya gefen. In tsakanin alamomin biyu metir 5 ne cif, kusurwar ta daidaita.

*Ruwan rijiya.* Rijiyar siminti irin ta OFEDES tana da faɗin ciki metir 1 da santimetir 80. Kowane metir ɗaya na zurfin ruwa a cikinta yana riƙe da kimanin litir 2500, wato jarka 100. A auna zurfin ruwan a ƙarshen rani, lokacin da ya fi ja da baya. Masai kuma a nisanta shi da rijiya aƙalla metir 30, a gefen gangare.

*Ruwan sama.* Milimetir ɗaya na ruwan sama da kuke ji a rediyo yana nufin litir ɗaya a kan kowane metir murabba'i. Ruwan milimetir 50 a kan rufin ajin nan mai metir murabba'i 63 ya haura litir 3000. In ba a yi masa hanya ba, gindin bango zai tona.

Waɗannan lambobi na gama-gari ne. Abin da aka rubuta cikin zane da takardar kwangila shi ne hukunci. In kun ga saɓani, kada ku tayar da husuma da ma'aikata. Ku rubuta abin da kuka gani da kwanan wata cikin littafin kwamiti, ku kai wa mai sa ido a kan aikin ko ma'aikatar magajin gari tun kafin a zuba kankare, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da kankare ya rufe, ido ba ya ƙara ganinsa.

Inda ikon kundin ya tsaya

Kowane littafi yana ɗauke da yanayin ƙasar da aka rubuta shi. Kundin Turai yana da dogon bayani a kan nauyin ƙanƙara bisa rufi da sanyin da ke daskarar da ƙasa, abubuwan da ba su dame mu ba. Bai cika yin bayani a kan gara, zafin rana mai tsanani, guguwar farkon damina da ke yaye kwano, ko ƙoramar da ke bushe wata tara ta cika maƙil cikin sa'a guda ba. Shi ya sa aka rubuta littattafai na musamman domin ƙasashe masu zafi. A 1965 masana biyu na cibiyar ORSTOM, Rodiye da Obre, suka fitar da hanyar ƙiyasta ambaliyar ƙananan ƙoramu a Afirka ta Yamma. Cibiyar CEBTP ta Faransa kuma ta wallafa jagoran tsara hanyoyi a ƙasashe masu zafi, wanda bugunsa na 1984 ya yaɗu a hannun injiniyoyinmu.

Ƙa'idoji kuma suna tsufa. Dokar lissafin kankare da ake kira BAEL, ta 1991 wadda aka gyara a 1999, Faransa ta maye gurbinta da ƙa'idojin bai ɗaya na Turai, ko da yake har yanzu ana samunta cikin littattafai da yawa da ke hannun ɗalibai. Wanda zai sayi kundi ya duba shekarar bugu, ya kuma tambayi wace ƙa'ida kwangilar ta ambata.

Ruwan sama ma yana sauyawa. Injiniya yakan tsara ƙaramar gada bisa abin da ake kira ambaliyar shekara goma. Ba ana nufin sai bayan shekara goma take zuwa ba. Ma'anarta ita ce kowace damina akwai yiwuwar zuwanta kashi ɗaya cikin goma, kuma tana iya zuwa shekara biyu a jere. Mun ga ambaliyar 2012 da ta 2020 a Yamai. A daminar 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai, ya rushe gidaje masu yawa a Maraɗi, tsohon masallacin Birni na Damagaram kuma ya faɗi. Tsohon jadawalin ruwa ba ya isa shi kaɗai, sai an haɗa da awon shekarun baya-bayan nan.

Haka nan littafi bai san ƙasar garinku ba. Kafin babban aiki sai an tona, an ɗebi ƙasa an kai ɗakin gwaji. Dattawan gari kuma sun san inda ruwa ya taɓa kaiwa, da inda tsohuwar kududdufi take kafin a cike ta. Idan injiniya ya zo aune-aune, ku kai shi ya ga waɗannan wurare da idonsa, gani ya kori ji.

Akwai kuma ilimin maginanmu na gargajiya, wanda mafi yawansa ba ya cikin kundi, daga uba zuwa ɗa yake tafiya. Masallacin Yama da ke jahar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Injiniyan da ya haɗa lissafin littafi da sanin magini game da ƙasa da tubali, aikinsa ya fi inganci.

Yadda ake neman abu a cikin kundi

Da farko ku duba jerin babobi da lambar shafinsu, a farkon littafi ko a ƙarshensa. Yawancin kundaye suna kuma da jerin kalmomi bisa tsarin abacada. In kun sami jadawalin da kuke nema, ku karanta kansa tukuna, ku tabbatar da ma'aunin da aka yi amfani da shi: milimetir ne ko santimetir, kilo ne ko tan. Ku bi layi da yatsa daga hagu, ku sauko daga sama, inda suka haɗu nan amsar take. Ku kula da waƙafi a tsakiyar lamba, domin 6,3 ba 63 ba ne. Ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin jadawali su ma a karanta su, nan ake faɗin inda ƙa'idar ba ta aiki.

Mafi yawan kundayen da ke ƙasarmu da Faransanci aka rubuta su, amma lambobi iri ɗaya ne a kowane harshe. Ku roƙi ma'aikacin fasaha na ƙaramar hukumarku, ko wani ɗalibi ɗan garinku in ya zo hutu, ya fassara muku shafukan da suka shafi aikin da ke gabanku. Ku kwafe su da Hausa cikin littafin kwamiti, ku karanta su tare a ajin yaƙi da jahilci, ku gwada lissafin a kan allo da awon wani gini na garinku. Matambayi ba ya ɓata.

Kuɗin da ake zubawa a rijiya ko aji dukiyar jama'a ce, kuma ƴaƴanku ne za su zauna ƙarƙashin rufin. Kafin a fara aiki na gaba a garinku, ku nemi a karanta muku takardar kwangila, ku rubuta yawan buhuna, lambar ƙarfe da zurfin harsashi, ku naɗa mutum biyu da za su riƙa ƙirgawa kowace rana har a gama. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.